Zinaren ya tafi, dalmar ta tsaya a tsakar gida

Agwagi ne suka fara mutuwa. A farkon shekarar 2010 ke nan, lokacin ina koyarwa a wata firamare a ƙasar Anka. Na je gida hutun ƙarshen mako, na tarar da gwaggona a bakin kududdufin bayan gida tana tsintar gawar agwaginta tana zubawa a kwando, tana cewa tun da take ba ta taɓa ganin ciwon tsuntsaye irin wannan ba. Babu wanda ya kawo komai a ransa. Kafin damina ta sauka, abin ya koma kan yara.

Ɗan yayana bai cika shekara uku ba. Ya fara da amai da ciwon ciki, ya daina wasa, sai jijjiga ta biyo baya, ido ya kafe, jiki ya sandare. Aka ce sanƙarau ne, tunda lokacin zafi ne. Tsofaffi suka ce iska ce, aka yi turare, aka yi rubutun sha. An yi masa allurar zazzaɓin cizon sauro har sau biyu. Kwana huɗu ya yi a haka, Allah ya karɓi abinsa. Ranar da muka kai shi makwanci, abin da ya tsaya mini a rai shi ne jerin sababbin kaburbura a gefe guda, ƙasarsu ko bushewa ba ta yi ba, kowanne bai wuce kamu biyu zuwa uku ba.

A watan Maris na shekarar ne likitocin ƙungiyar MSF, waɗanda ake kira na-gari-na-kowa, suka lura cewa mutuwar yara a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum ta wuce misali. Da aka gwada jini sai aka ga gubar dalma ce. Dutsen da ake haƙowa don neman zinare cike yake da ita. Maza su kawo shi gida a buhu, mata su farfasa shi a turmi, a kai shi injin niƙa, sau da yawa injin da ake niƙa dawa da gero, ƙura ta tashi ta sauka a tsakar gida, a kan tabarma, a kan shanyar tsaba, a bakin rijiya. Yaro mai rarrafe kuwa duk abin da hannunsa ya taɓa bakinsa zai kai, kuma jikinsa ya fi na babba zuƙar dalma ninki huɗu zuwa biyar. A wasu gidajen an auna dalmar da ke cikin ƙasa ta haura 100,000 a ma'aunin da Amurka a lokacin ba ta yarda ya wuce 400 ba a inda yara ke wasa. Na'urar gwajin jinin da aka zo da ita iyakar karatunta 65, alhali daga 45 ake fara ba yaro magani, kuma yara da yawa sun wuce inda na'urar ke iya karantawa. Binciken da aka yi a ƙauyuka biyu ya nuna cewa cikin kowane yara huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar, ɗaya ya rasu a cikin shekara guda. Ƙauyukan da abin ya shafa sun haɗa da Dareta, Abare, Yargalma, Sunke, Tungar Daji, Tungar Guru, Duza, Bagega. Yara aƙalla 400 suka tafi, dubbai suka sha magani.

Tun daga lokacin bayani iri biyu nake ji a bakin mutane, kuma duka biyun suna ƙona mini rai. Na farko, ƙaddara ce. Na yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi, kuma ɗan yayana ba zai ƙara ko daƙiƙa guda a kan kwanansa ba. Amma imani da ƙaddara bai taɓa hana alƙali tambayar wanda ya yi sakaci ba. Na biyu shi ya fi yawa a bakin 'yan boko irina: jahilci ne, mutanen ƙauye ne ba su san ciwon kansu ba. Wannan shi ne a bar jaki a doki taiki. Mutumin da ya kai dutse injin niƙan hatsi ya yi haka ne don shi ne kaɗai injin da ke garin. Matar da ta daka shi a turminta ta yi ne don ladan dakan buhu guda ya fi abin da take samu a saƙar faifai na mako. A 2001 farashin oza ɗaya na zinare, wato kimanin giram 31, bai kai dala 300 ba a kasuwar duniya. A 2010 ya wuce dala 1,200. Dillalai suka shigo ƙauyuka da kuɗi a hannu, a ƙasar da auduga ta daina biyan manomi, masaƙar Gusau ta rufe, taki ya fi ƙarfin talaka. Waɗanda suka zo sayen zinaren sun san daga wane dutse yake fitowa. Ko ɗaya a cikinsu bai niƙa shi a tsakar gidansa ba.

Abin da nake son faɗi ke nan, kuma shi ne abin da masu aƙidar kare talaka da ɗan ƙwadago suka daɗe suna faɗi a ko'ina: a duk sana'ar da ake tara dukiya, duba inda riba take zuwa, sannan ka duba inda haɗari yake tsayawa. A haƙar zinaren Zamfara an raba su sarai. Riba ta bi hanyar Gusau da Kano, ta tsallaka iyaka, ta sauka a kasuwannin Dubai. Haɗari ya tsaya a huhun lebura da jinin ɗansa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Bara na haɗu da wani tsohon ɗalibina a tasha. Na koyar da shi a aji biyar, yaro mai kaifin lissafi. Yanzu magidanci ne, tafin hannunsa duk kanta, yana tari yana kawar da kai don kunya. Na ce masa, kai da ka ga abin da ya faru da ƙannenka, me ya mai da kai rami? Ya ce, "Malam, mun san da dalma. To amma mi za mu ci? Gona ba ta shiguwa, daji na hannun mutanen. Dalma a hankali taka kisa, yunwa ko yau-yau ta." Sai ya lissafa mini yadda ake rabon abin da suka haƙo. Ubangida, wanda ya ba su abinci da diga da igiya da tocila, shi ke fara ɗiba, kuma duk abin da suka ci a kwanakin da ba a samu komai ba bashi ne a kansu. Mai gona yana da nasa kason. Mai inji yana da nasa. Masu bindiga suna da nasu, wannan kam ba a ko ciniki. Abin da ya rage sai a wanke, a zuba zaiba ta kama zinaren, a ƙona ta a cokali ko gwangwani, hayaƙin ya shiga hancin mai ƙonawa. Ɗan abin da ya fito kuma dole ubangidan za a sayar wa, da sikelinsa, a farashin da ya yanka. Na tambaye shi ko ya san nawa ake sayar da giram a birni. Ya ce ya sani, wayarsa tana nuna masa. Sanin bai amfane shi da komai ba, domin bashi ya riga ya ɗaure shi.

Wannan mutumin ma'aikaci ne. Yana sauka rami mai zurfin gaba goma ko fiye da igiya a ƙugu, ba katako da ya tokare bangon, ba iska sai wadda Allah ya turo. Amma a idon dokar ƙasa kamar babu shi. Dokar mafi ƙarancin albashi, wadda ta kai naira 70,000 a watan Yulin 2024, ba ta hau kan wurin da ma'aikata ba su kai 25 ba, ba ta hau kan wanda ake biya gwargwadon abin da ya samar ba, ba ta hau kan aikin gona na damina ba. Ka cire waɗannan, wa ya rage a Zamfara in ba ma'aikacin gwamnati ba? Shi ma ɗin, naira 30,000 da aka sa wa hannu a 2019 sai a 2024 ta iso gare shi a jihar nan. Akwai dokar biyan diyya ga wanda ya ji rauni ko ya mutu a bakin aiki, an sa mata hannu a 2010, shekarar da muke binne yaranmu. Lokacin da rami ya rufta da mutane a Kadauri ta ƙaramar hukumar Maru a watan Satumban 2025, 'yan'uwansu ne suka yi ta tono da hannu da shebur. Lebura irin wannan ba shi da takardar ɗaukar aiki, ba shi da suna a wani littafi, saboda haka matarsa ba ta da ƙofar da za ta ƙwanƙwasa. Sai dai a yi mata gaisuwa, ubangida ya aiko da ɗan abin sadaka in yana da tausayi, a buɗe sabon rami a gefen tsohon.

A nan ina da ƙorafi a kan ƙungiyoyin ƙwadago, duk da ni ɗansu ne, kuma na sha shiga yajin aiki ban yi nadama ba. Mun taƙaita kalmar ma'aikaci ga mai karɓar albashi a banki. Ranar ɗaya ga Mayu mu sa riguna iri ɗaya mu yi fareti, alhali mafi yawan masu zubar da gumi a jihar nan, 'yan rami da 'yan dako da 'yan ga-ruwa da matan da ke sussuka a gonar wani, ba su san ana yi ba. Mun manta cewa gwagwarmayar ƙwadago a ƙasar nan da jinin masu haƙar ma'adinai aka shayar da ita: ranar 18 ga Nuwamban 1949 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe mahaƙa kwal 21 a Inugu saboda sun nemi haƙƙinsu.

Na san da zarar mutum ya fara irin wannan magana sai a ce ya kwaso aƙidar Turawa, ko a ce ɗan gurguzu ne. Ni ban koyi wannan a littafin Bature ba. Na fara jin sa a bakin kakana, wanda ya yi NEPU, jam'iyyar da aka kafa a Kano a 1950, lokacin da faɗin kalmar sawaba kan iya kai mutum gidan yari. Abin da Malam Aminu Kano da Hajiya Gambo Sawaba suka yi ta faɗa shi ne talaka mutum ne, guminsa nasa ne, kuma ba wanda zai ƙwato masa 'yanci in bai tashi da kansa ba. Magadansu, Balarabe Musa a Kaduna da Abubakar Rimi a Kano, su suka soke haraji da jangali a 1979. Kafin su duka, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. A mazhabar Malikiyya da muke bi, magana mafi shahara ita ce ma'adinan ƙasa suna hannun shugaba ne domin maslahar jama'a baki ɗaya, ba kayan wanda ya riga kowa kai hannu ba ne. Jihar da ta riga kowace ƙaddamar da shari'a a 1999 ita ta fi cancanta a tambaye ta ina wannan babin ya shiga. Sikelin da ake tauye wa lebura a bakin rami, ai akwai sura guda a Alƙur'ani da ta buɗe da azabar masu tauye mudu.

Kuma mu a Zamfara muna da namu tarihin, ko da yake ba a koyar da shi a makaranta. Madatsar ruwan Bakolori da ke kusa da Talata Mafara, wadda kamfanin Impresit na Italiya ya gina aka gama a 1978, ta cinye gonaki da gidajen dubban manoma. Waɗanda ke ƙasa da ita kuma fadamunsu suka daina samun ambaliyar da suke noman shinkafa da ita tun kaka da kakanni. Manoma suka nemi diyya, aka yi ta yi musu gobe-jibi, suka tare hanyoyi suka hana aiki. A watan Afrilun 1980 aka turo musu 'yan sandan kwantar da tarzoma. Gwamnati ta ce mutum ashirin da 'yan kai ne suka mutu, masu bincike suka ce sun haura 300. An ce aikin ci gaba ne, kuma lalle madatsar tana nan, ana noman rani da ita. Amma tambayar da manoman Bakolori suka yi ita ce dai tambayar yau: ci gaban wa, kuma wa zai biya kuɗinsa? Su suka biya da gonakinsu, sannan da rayukansu. Shekara talatin cif bayan haka, 'ya'yan Bagega suka biya da jininsu.

Dubi yadda hukuma ta yi da Bagega. Ba a ba yaro maganin dalma sai an kankare ƙasar gidansu an zuba sabuwa, in ba haka ba zai koma ya sake kwasa. An share sauran ƙauyukan a 2010 da 2011, akasari da kuɗin masu agaji na waje. Bagega, wadda ta fi su girma, da yara kusan 1,500 masu jiran magani, ta zauna jiran kuɗin da gwamnatin tarayya ta yi alkawari, sama da naira miliyan 800. Sai da matasa suka tayar da ƙura a intanet, ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan'adam suka sa baki, sannan aka saki kuɗin a farkon 2013. Kusan shekara uku yara suna rarrafe a kan guba. Tsarin mulki ya ce duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa mallakar gwamnatin tarayya ne, daga Abuja ake ba da lasisi. To wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. Ba zai yiwu zinaren ya zama na tarayya ba, dalmar da ta fito daga dutse ɗaya da shi ta zama ta mai gida. Darasin ma ba a ɗauka ba: a 2015 irin wannan guba ta kashe yara a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja.

A watan Afrilun 2019 aka haramta haƙar ma'adinai a Zamfara baki ɗaya saboda 'yan bindiga. Na fahimci dalilin, don ba mai musun cewa kuɗin zinare na sayen makamai. Amma wa haramcin ya kora daga daji? Mai tsoron hukuma. Mai bindiga bai je ko'ina ba, sai ma ya samu ramuka ba abokin takara, ya samu leburori da ba su da bakin kai ƙara tunda aikin nasu ya zama laifi. A watan Disamban 2024 ministan ma'adinai Dele Alake ya sanar da ɗage haramcin, a 2025 kuma farashin oza ya haura dala 4,000. Yanzu maganar da ke tashi ita ce masu zuba jari, manyan kamfanoni, manyan injuna. Ba na ƙin jari, kuma na san haƙa da inji ta fi haƙa da diga aminci. Tsorona shi ne a sake yin Bakolori: a zana taswira a Abuja, a miƙa wa kamfani dajin da mutane ke ci a cikinsa shekara da shekaru, a kira su ɓarayin ma'adinai, a kore su da soja, a ɗauki 'yan kaɗan gadi.

Dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa mai lasisin haƙa ya ƙulla yarjejeniya da al'ummar wurin kafin ya fara aiki. Ina so in ga ana karanta wannan yarjejeniya da Hausa a ƙofar fada, a gaban maza da mata, ba mutum uku su sa hannu a otal a Gusau ba. Ina so a liƙa sunan duk mai lasisi a sakatariyar ƙaramar hukuma, kowa ya san wa ke da wane daji. Amma abin da na fi ba muhimmanci shi ne 'yan ramin su haɗa kansu, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiyar da ke da sikelinta, da injin niƙa mai aiki da ruwa wanda ba ya tayar da ƙura, da wurin wanka da sauya tufafi a daba, wato wurin sarrafa dutsen, nesa da gari, da asusun da za a ciro wa matar wanda rami ya danne. An gwada niƙa da ruwa da sauran dabarun nan a ƙasar Anka kafin MSF ta miƙa aikinta ga gwamnatin jiha a 2022, kuma ƙura ta ragu ƙwarai. Abin da lebura ɗaya ba zai iya saya ba, ɗari biyu za su iya. Gwamnati kuma ta riga ta nuna tana iya sayen zinaren ƙananan mahaƙa: a watan Yulin 2020 Babban Banki ya sayi kilo 12.5 a kan naira miliyan 268, aka kai wa Shugaba Buhari a fadarsa aka ɗauki hoto. A kawo wannan sayayya Anka da Maru da Bukkuyum, a rubuta farashin ranar a allo a bakin ƙofa. Ranar da lebura ya samu wurin sayarwa na biyu, ranar igiyar ubangida za ta fara sassautawa.

Ba na cewa ƙungiya za ta kori masu bindiga, wannan aikin hukuma ne kuma shi ne kan gaba. Ba na kuma wanke 'yan ramin tas. Suna zubar da zaiba a rafin da ƙauyen ƙasa ke sha, suna ɗaukar yara 'yan shekara goma sha biyu aikin wanki, kuma na ga ajina ya ragu da rabi a shekarar da aka samu sabon rami. Sai dai uban da ake biyansa daidai guminsa ya fi sauƙin a ce masa ya bar ɗansa a makaranta, kuma mutanen da ke da shugabanni da rajista su ake iya kafa wa doka su bi.

Akwai kuma bashin da ba a ko fara lissafa shi ba. Dalma ba ta barin ƙwaƙwalwar yaro yadda ta same ta, magani yana fitar da gubar ne, ba ya mai da abin da ya lalace. Yaran da suka tsira a 2010 yanzu samari ne da 'yan mata, wasu ba sa gani sosai, wasu ba sa ji, da yawa karatu ya gagare su, ana ce musu dolaye. Ya kamata a bi su gida-gida a rubuta sunayensu, a ware musu kaso daga duk abin da hukuma za ta karɓa a kan zinaren jihar nan, a koya wa masu iyawa sana'a, a ɗauki nauyin marasa iyawa.

Ƙanwar yaron nan da muka binne tana cikinsu. Tana goye aka kai ta asibitin Anka, ta sha maganin zagaye bayan zagaye, ta rayu. Sau uku tana maimaita aji uku, daga baya yayana ya ce a bar ta haka nan. Yarinya ce mai haƙuri da son mutane, in ka aike ta abu biyu za ta kawo ɗaya ta tsaya tana murmushi tana ƙoƙarin tuno ɗayan. Yanzu ta isa aure, uwarta kuma ba ta barci saboda tunanin gidan da za ta shiga da yadda za a riƙe ta. Katin asibitin nata yana nan a cikin adakar uwar, an naɗe shi a leda, da sakamakon gwajin jininta a jere. A layin farko an rubuta cewa ya wuce 65.